Matsayin Jitar Bes a Kiɗan Biki a Zariya

Jitar bes tana da tsirkiya huɗu, kuma ita ke riƙe da kaurin amo a ƙungiyar kiɗa, kamar yadda babbar ganga ke yi a kiɗan gargajiya. Makaɗinta kan haɗa ta da ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa, domin daidaita sauti ko sauya shi kafin ya isa lasifika. Ƙungiyar Bala Miller (1928–2003), wanda asalinsa Zazzau ne, ta yi amfani da ita a waƙoƙin Hausa. Sai dai tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye fagen, domin mutum guda na iya fitar da amon bes da hannun hagu. Saboda haka, ga mai biki a Ƙofar Galadima, ɗaukar makaɗi ɗaya ya fi araha a kan gayyato ƙungiya.