Wanda Ya Ce Babu Allah, Shi Ma Yana da Bangaskiya?

Wata magana ta fara shiga gidajenmu ta bakin 'ya'yanmu da suke dawowa daga manyan makarantu. Yaro yakan ce, "Baba, ku kuna da bangaskiya, ni kuwa ilimi nake bi." To, wanda ya ce babu Allah, ba bangaskiya ba ce shi ma yake riƙe da ita?

Mu fara rabewa. Wani yana cewa, "Ban sani ba ko akwai Allah." Wannan shakka ce, ko Toma ma ya yi shakkar tashin Ubangiji. Wani kuwa yana cewa, "Na tabbata babu." Wannan ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, ba kuma gwajin da zai tabbatar masa. Ta nan ya yi kama da mu, gama Ibraniyawa sura 11 ta haɗa bangaskiya da abin da ido bai gani ba. Amma kada mu kira shi addini. Ba wanda yake yi wa sujada, ba addu'a, ba begen tashin matattu.

Duk da haka mutum yakan sha wuya dominsa. Mubarak Bala, ɗan Kano, ya fito fili ya ce bai yarda da Allah ba. An kama shi a Kaduna a 2020, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5, aka sake shi. Ba mu yarda da koyarwarsa ba, amma sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya da ya ba mu 'yancin zuwa sujada, shi ne kuma ya ba mutum 'yancin barin addini.

Sai dai ƙarfin riƙo ba shi ne shaidar gaskiya ba, ko nasa ko namu. Mu mutanen Nukkai mun san wannan. A 2005 ruwa ya cika, mutane suka tsaya a kan gada da cikakkiyar amincewa, gadar ta karye da su. Amincewarsu ba ta gaza ba, abin da suka tsaya a kai ne ya gaza. Saboda haka in ɗanka ya zo da wannan magana, kada ka kore shi daga gida. Zaunar da shi, ka tambaye shi a kan me yake tsaye, ka kuma shirya, gama shi ma zai tambaye ka.