Girman Taya da Gaskiyar Malejin Mota

Direbobi da dama a Maraɗi, musamman masu sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan da ke bayan Tibiri da Jiratawa, kan sa wa motocinsu tayar da ta fi ta asali girma domin cikin motar ya ɗaga daga rairayi da ramuka, wasu kuwa duk wadda suka samu da araha wajen mai faci ita suke ɗaurawa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, maleji, wato agogon da ke nuna gudun mota da jimillar kilomitocin da ta ci, juyin ƙafa kawai yake ƙirgawa, sannan ya ninka shi da kewayen tayar da kamfani ya fito da motar da ita.

A gefen kowace taya akwai lambobi irin su 195/65 R15, inda 195 ke nufin faɗinta a milimita, 65 ke nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 15 kuma girman ƙarfen da take kansa ne a inci. Irin wannan taya tana juyi kusan 502 kafin ta cinye kilomita ɗaya, alhali 205/70 R15, wadda ke hawa ƙarfe mai girma iri ɗaya, juyi 476 ya ishe ta. Bambancin ya ɗan zarce kashi 5 cikin ɗari, saboda haka allura na kan 100 motar tana gudun 105, kuma tafiyar kimanin kilomita 660 daga Maraɗi zuwa Yamai za ta fito kusan 627 a agogo. Ƙaramar taya kuwa akasin haka take yi.

Kamfanoni kan bar ɗan rara tun daga masana'anta, domin ƙa'ida ta 39 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ababen hawa ta hana agogo nuna ƙasa da ainihin gudu, amma babbar taya tana iya cinye wannan rara kaf. Illar da ta fi muni ita ce wadda ba a gani nan take, wato lokacin juyen mai ya wuce mai mota bai sani ba, lissafin fetur ya rikice tsakaninsa da direbansa, mai sayen motar hannu kuma ya yarda da adadin da bai kai gaskiya ba.

Gwajin ba shi da wuya, tunda duwatsun kilomita da ke bakin babbar hanya ta RN1, ko manhajar GPS ta waya, sun isa a kwatanta su da agogo a tazarar kilomita 10. Wanda ya ga canjin taya ya zame masa dole, ya zaɓi wadda tsayinta gaba ɗaya bai yi nisa da na asali ba, ko ya kai wa bakanike ya daidaita agogon idan motar na karɓar hakan.