Sana'ar da jarinta kunne ne

'Yan kasuwa sun san ciniki daga kunne yake farawa. To, akwai sana'ar da jarinta kaf sauraro ne.

Farfesa Djibo Hamani ya tattara labaran bakin tsofaffin Adar, a 1975 ya fitar da tarihin yankin kafin zuwan Turawa. Yau Jami'ar Tawa sunansa take amsawa.

Ita kuwa Benedetta Rossi, mazauna ƙauyukan Keita ta saurara, inda tun daga 1984 mata suka yi ta dakon duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa, ladansu abinci. Littafinta ya fito a 2015, gumin talaka ya shiga tarihi.

Don haka 'yar'uwa, in tsohuwa ta soma labari a rumfarki, kar ki katse ta. Ranar da ta tafi, da shi za ta tafi.