Hattara da Kuskure a Rubutun Magani a Asibiti

Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Jankwano, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ya ga nas tana ba da magani, sannan ta rubuta lokaci da adadi a takarda. Wannan rubutu shi ne madogarar likita idan ya zo zagaye. In ya karkace, magani ma sai ya karkace.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kuskuren magani yana lashe dala biliyan 42 duk shekara.

Ta ina ɓarakar ke shigowa? Akwai rubutun hannu mai wuyar karantawa. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine na taɓin hankali, amma a rubutun gaggawa kusan ɗaya suke. Ɗigo kaɗai in ya ɓace, 1.0 ta koma 10, yaro ya sha ninki goma. Ga gajiya, ga marasa lafiya biyu masu suna ɗaya a ɗaki guda. Idan nas ta yi allura ba ta rubuta ba kafin ta tashi aiki, wadda ta karɓe ta na iya maimaitawa.

Kwamfuta ta rage wannan matsala. Sashen masu cutar ƙanjamau na asibitin koyarwar, da tallafin shirin APIN, ya daɗe yana ajiye bayanan karɓar magani a na'ura, ana gane wanda ya tsallake ranarsa. Sai dai na'ura abin da aka ba ta take riƙewa. In an ɗauke wuta aka koma takarda, aka manta shigarwa daga baya, bayanin ya rabu biyu. Kuma ba ta san jiƙon da ka sha a gida ba, balle ƙwayar da ka saya a kemis a kasuwar Taminus.

Don haka, jama'a, mu taimaka. A je asibiti da kwalayen duk maganin da ake sha. A faɗi wanda ya taɓa jawo ƙuraje ko kumburi, kamar Septrin. Kada a ari katin wani. Mai jinya ya tabbatar an kira cikakken suna kafin allura, in kuma ƙwaya ta sauya kama, ya tambaya cikin ladabi. Tambaya haƙƙinka ce, kada kunya ta hana ka.