Aswaki da Garin Goge Haƙora na Gida a Ƙauyukan Hausawan Makwar

1.0 Gabatarwa

Makwar shi ne sunan ƙauyen da aka gina madatsar ruwan Sinnar a kusa da shi, a kan Shuɗin Nilu, aka kuma kammala ta a 1925. Hausawa da Fulani sun riga madatsar zama a yankin, domin bayan yaƙin Burmi na 1903 ne Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya yi hijira gabas, ya kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar wajajen 1906. Wasu kuma noman auduga a Jazira ne ya zaunar da su. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a Yunin 2024, ya katse hanyoyin fatauci, kayan kanti suka yi tsada. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ake haɗa abin goge haƙora a gida, da amfaninsa, da kuma iyakarsa.

2.0 Abin da Ake Nema a Goge Baki

Bayan cin abinci, wani datti mai yauƙi yakan manne a jikin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Su ne ke mayar da sukari tsami, tsamin kuma ya riƙa cin farin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Idan dattin ya daɗe, sai ya daskare, dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini. Saboda haka babban aikin goge baki shi ne kankare wannan datti, kuma aswaki ko buroshi ne ke yin sa. Mai ko gari mataimaka ne kawai.

3.0 Aswaki

Aswakin da ya fi yaɗuwa a Sudan daga saiwa ko reshen bishiyar arak ake yanko shi. Wasu sukan yi amfani da reshen darbejiya. A Musulunci aswaki sunna ne, musamman lokacin alwala da salla. Masana sun samu a saiwar arak wani sinadari mai ɗan yaji da ke kashe wasu ƙwayoyin cutar baki. A shekarar 2000 Isma'il Darout da abokan aikinsa na Jami'ar Bergen ta Norway suka wallafa bincike a kan maza 213 a Khartum, inda suka tarar lafiyar dasashin masu aswaki ba ta gaza ta masu buroshi ba.

Ana feƙe bakin aswakin kamar tsawon gaɓar yatsa, a tauna har ya yi laushi. Ana gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori, ciki da waje, ba a ƙetare ba. Idan bakin ya tsufa sai a yanke shi.

4.0 Haɗa Garin

Ga haɗi mai sauƙi:

(a) garin busasshiyar saiwar arak, cokalin shayi 3;
(b) garin bikarbonat, wato sodar da ake sa wa kayan toyi, cokali 1;
(c) garin kanumfari, rabin cokali;
(d) gishiri mai laushi, ɗan tsunguli.

Ana daka kowanne daban, a tankaɗe da rariya mai laushi, a gauraya, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Lokacin amfani sai a ɗebi kaɗan a tafin hannu, a ɗiga ruwa, a dangwala da aswaki ko buroshi. Ba a jiƙa shi duka a ajiye, domin babu sinadarin da zai hana shi lalacewa. Bikarbonat yana rage tsamin baki, kuma ba shi da kaushi sosai. Kanumfari yana ƙamsasa baki, yana kuma ɗan kwantar da zafin haƙori, amma ba ya warkar da kogo.

5.0 Abubuwan Kiyayewa

Gawayi da toka suna sa haƙori haske da wuri, amma kaushinsu yana iya goge ɓawon haƙori, shi kuwa idan ya tafi ba ya dawowa. Kanwa, wadda ake kira aɗrun a Sudan, tana da kaifi, tana iya ƙona dasashi. Lemun tsami kuwa tsaminsa yana narkar da ɓawon.

Babban giɓin haɗin gida shi ne rashin isasshen fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Man kanti na ƙwarai yana ɗauke da kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan man cikin jerin muhimman magunguna. Wannan giɓi ya fi shafar yara da masu yawan shan shayi mai sukari.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa aswaki da garin gida sun isa tsabtace baki idan an iya amfani da su, amma ba su maye gurbin fulorayid wajen hana kogo. Gidan da ya samu man kanti ɗaya tak, gwamma a ware shi domin yara, a riƙa lakata musu kamar ƙwayar wake kafin kwanciya. Manya su riƙe aswaki, kowa kuma ya rage sukari.