Yadda sauti da ƙurar kabon ke raba ruwa da ragowar magani

Madatsar Ruwa ta Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Karaye, wadda aka kammala a 1992, tana cikin manyan rumbunan da ke shayar da birnin Kano. Duk abin da damina ta wanko daga gonaki da rugage zuwa cikin kogin, yana iya biyo shi har bakin matatar ruwa.

Daga cikin abubuwan da ruwa ke kwasowa akwai ragowar magunguna. Jikin mutum ko na dabba ba ya narkar da duk maganin da ya sha. Wani kaso na fita cikin fitsari da kashi. A yanki mai yawan noma da kiwo kamar Karaye da Rogo, inda ake ɗura wa shanu da kaji magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Alif da kulorin da matatu ke amfani da su suna kwantar da laka, suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa kawar da dukkan wannan ragowa. Haɗarinta shi ne ƙwayoyin cuta su saba da magani, har ya daina yi musu aiki.

Binciken da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta a 2022 ya auna koguna 258 a ƙasashe 104, ya kuma gano cewa a fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na wuraren, ragowar ta haura matakin da ake ɗauka marar illa.

Dabarar da masana ke gwadawa ta haɗa abu biyu. Na farko sauti ne wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, dangin wanda ake hoton ciki da shi. Idan aka harba shi cikin ruwa, yakan haifar da ƙananan kumfa masu fashewa nan take, zafin cikinsu ya kai kusan digiri 5,000, ya samar da sinadaran da ke wargaza maganin. Na biyu ƙurar kabon ce, 'yar'uwar gawayi, mai ƙanƙantar da ido ba ya gani, wadda ke kama ragowar ta riƙe, ta kuma ƙara yawan kumfan.

Sai dai dabarar tana cin lantarki, ƙurar na da tsada, kuma dole a tsamo ta daga ruwan bayan aiki, shi ya sa galibi tana ɗakunan gwaji. Kafin ta iso matatunmu, rigakafi ne a hannunmu: daina zuba tsohon magani a kwata ko masai, da neman shawarar likitan dabbobi kafin a ba dabba magani.