Tace Ruwa a Tafkin Kifi na Bayan Gida

Mutumin da ya gina tafkin kifi a bayan gidansa yakan auna lafiyar ruwa da ido. Idan ya ga ruwa garau, sai hankalinsa ya kwanta. To amma abin da ya fi kashe kifi ba ya ganuwa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kuma kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe suna ƙara yawanta. Amoniya ba ta da launi, gubarta kuwa ƙaruwa take yi idan ruwa ya ɗumama, wato da bazara hatsarin ya fi yawa.

Saboda haka tacewa iri biyu ce, ko da yake kalma ɗaya ake kiransu da ita. Ta farko ita ce irin wadda ake yi wa ƙullun koko: ruwa ya bi ta cikin soso ko raga, datti ya tsaya. Wannan ba ta da wuyar ganewa.

Ta biyu ita ce ginshiƙin aikin, kuma ba hannun mutum ke yin ta ba. Akan cika ganga da tsakuwa, a bi da ruwan ta cikinta bayan ya wuce soso. A jikin tsakuwar wasu ƙwayoyin bakteriya suke zama. Wani rukuni yana mai da amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wani rukunin ya mai da naitirait ta koma naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa ta hanyar sauya wani kaso na ruwan. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanda ya cika sabon tafki da kifi tun ranar farko ya yi gaggawa. Haka nan wanda ya wanke tsakuwar fes da ruwan famfo mai kulorin, da sunan tsabta, ya kashe ma'aikatansa ne. Da ruwan tafkin ake ɗauraye ta, sama-sama.

Sai batun gudun ruwa. Tafki mai tsawon mita 2, faɗi mita 1.5, zurfi mita 1, yana cin lita 3,000. Abin da aka saba bi shi ne injin ya zagaya da ruwan duka cikin awa ɗaya zuwa biyu, wato lita 1,500 zuwa 3,000 a awa. Adadin da ke rubuce a kwalin inji yana raguwa gwargwadon tsayin da zai ɗaga ruwa, don haka gara a sayi wanda ya ɗara lissafi. Akan ɗan gangarar da ƙasan tafki, a sa mafitar ruwa inda ya fi zurfi, mashigarsa kuwa a ɗaya gefen, don kada wani lungu ya zauna ba motsi. Idan ruwan da ke dawowa ya zubo daga sama, yana shigo da iskar oksijin.

Ƙwayoyin tsakuwar su ma da wannan iska suke rayuwa, shi ya sa doguwar ɗaukewar wuta take cutar da su. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska a saman ruwa, ta jure. Karfasa ba ta da wannan baiwa, mai kiwonta yana bukatar batir ko lantarkin hasken rana a ajiye.